Doña Petronila da Tukunyar da Ba Ta Son Fushi

A birnin Meksiko kowa malami ne a kan inda abinci ya fi daɗi. Ka tambayi direban tasi ya rantse maka da kabarin kakarsa cewa wani lungu ne bayan kasuwa, ka tambayi mai gadi ya ce direban ba shi da harshe. Muna cikin wannan gardamar tamu da ba ta ƙarewa, sai wata jarida ta ga ya kamata ta raba mana faɗa. A ƙarshen watan Janairu ta fito da jerin gidajen abinci goma da ta ce sun fi kowanne a garin, sai ka ce akwai mai cikin da ya zagaya dubban ƙofofin nan ya ɗanɗana. Tara daga ciki irin wuraren nan ne masu farin ƙyalle a kan tebur, inda ake kawo maka loma uku a faranti mai faɗin tire. Ɗayan kuwa, na bakwai a jerin, namu ne na unguwar Portales: gidan Brígida, mai tebur tara da kujerun da babu biyun da suka yi kama da juna.

Don Nemesio ne ya kawo jaridar (Don da Doña laƙabin girmamawa ne a wurinmu, na namiji da na mace). Tsohon direban bas ne, ya fi shekara talatin yana karya kumallo a tebur ɗaya kusa da ƙofar kicin, kuma ya shigo da ita yana murna, a zatonsa albishir ya kawo. Ya shimfiɗa ta gaban Doña Petronila, ita kuma ta goge hannu ta sa tabarau ta karanta. An rubuta cewa duk wanda bai ci tamal ɗin gidan nan ba bai san garin ba, ƙullun masara mai laushi da ake naɗewa a ɓawo a turara, wanda ke fitowa daga hannun Doña Otilia, magajiyar sirrin mahaifiyarta. Ga kuma hoto ɓaro-ɓaro. Otilia ce tsaye a ƙofar kicin, ta dafe ƙyauren da hannu biyu tana murmushi. A bayanta, cikin tururi, in ka ƙura ido sosai, za ka hango gwiwar hannun wani mutum.

Gwiwar hannun nan ita ce Petronila. Shekara arba'in da ɗaya tana bakin tukunya, abin da jarida ta samo daga jikinta ke nan. Otilia kuwa, ƙanwarta, Allah ya sani ko ƙwai ta dafa sai an nemo guduma.

Petronila tana da shekara tara suka baro ƙauyensu na jihar Puebla, ita da mahaifiyarsu Doña Brígida da Otilia mai shekara huɗu. Uwar ta fara da bokiti ɗaya na tamal a bakin tashar bas, daga bokiti ta koma rumfa, daga rumfa ta kama ɗakin nan da har yau ake ci a ciki. Petronila ce mai wanke ɓawo, sannan mai buga ƙullu, kuma ranar da ta cika sha bakwai uwar ta damƙa mata tukunya ta koma gefe. Tun daga ranar ba ta taɓa sauke tukunyar da ba ta nuna ba. Ba ta da gida nata, ba ta taɓa ganin teku ba, ɗanta guda yana can birnin Monterrey yana kiranta sau ɗaya a wata. In ka cire maganar tukunyar nan, ita kanta ba ta san me za ta nuna ta ce nata ne a duniya ba.

Sai dai fa mace ce mai zuciya a kusa, kuma ba ƙarya nake mata ba, don ni ma na sha nawa. Ta yi faɗa da mai gas, ta yi da mai kawo ɓawon masara, ta yi da rediyo. Mijinta Fidencio ya yi shekara shida da ita ya ce zai tafi arewa neman aiki, mutanen unguwa kuwa suka ce shiru ya tafi nema. In ka ce mata miya ta yi yaji sai ta tambaye ka ko madara ka zo sha. In ka ce ba ta yi ba, ta ce ka tafi gidan uwarka a ƙara maka.

To ga inda abin yake. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san tamal ba ya nuna in mai girki tana fushi. Ka yi dariya in ka ga dama, amma tambayi kowace tsohuwa: zai fito rabi dafaffe rabi ɗanye, ya manne wa ɓawonsa, ko kwana ka yi kana hura masa wuta. Saboda haka daga lokacin da aka rufe murfi har a buɗe, awa ɗaya da rabi, dole ran mai tukunya ya zauna lafiya. Ba a ɗaga murya, ba a buɗe murfi. Uwarsu ta bar musu wata tsohuwar kwandala ta jan ƙarfe da ake jefawa a ƙasan tukunya. Muddin akwai ruwa yana tafasa, kwandalar na ta ƙwal-ƙwal, in ta yi shiru ruwa ya ƙone. Kullum da ƙarfe bakwai na safe Petronila kan rufe murfi, ta ja kujera ta zauna, ta ɗora hannu a gwiwa tana sauraron kwandala. In wani abu ya taso mata sai ta haɗiye ta ce, "Bari a sauke tukunya." Wannan haɗiyar ita take alfahari da ita fiye da gishirin miyarta. Takan ce ko waliyyai ba su kai ta haƙuri ba tsakanin bakwai da takwas da rabi.

A wannan awa ɗaya da rabin, Otilia kan kawo 'yar kujerarta ta dasa a ƙofar kicin, ta juya wa tukunya baya ta fuskanci masu cin abinci. Tun tana sha biyu take wannan zaman. Daga nan take miƙa kunun masara da burodi, daga nan take hira da kowa, tana dariya har da riƙe ciki. Petronila ta daɗe da yanke wa zaman hukunci: gulma ce da son jiki. Ta sha faɗa wa mutane cewa ita Allah ya ba ta ƙanwa mai aikin tsare ƙyaure kada ya gudu.

Da ta gama karanta jaridar ba ta ce uffan ba, wanda ya tsorata Don Nemesio fiye da in ta yi ihu. Ta ninke tabarau, ta koma ta ci gaba da buga ƙullu kamar shi ya yi mata laifi. Otilia ta biyo ta tana ba da baki. Ta ce wallahi sau uku ta faɗa wa ɗan jaridar cewa yayarta ce mai girki, har ta maimaita masa sunan harafi-harafi. Ta ce za ta buga wa jaridar waya. Ta kuwa buga, aka ce mata za a duba, kuma har yau ana dubawa. Petronila ta ce ba komai. Duk wanda ya santa ya san in ta ce ba komai, to komai ne.

Kwana biyar ya rage a yi bikin addini na Candelaria, ranar biyu ga Fabrairu. Duk wanda tsautsayi ya sa ya ci karo da 'yar tsanar da ake ɓoyewa a cikin burodin bikin shida ga Janairu, ranar ce zai ciyar da mutanensa tamal, ba uzuri. A gidan Brígida babu ranar da ta kai ta. Iyalan unguwa da ma'aikatan ofisoshin kusa sun riga sun sa a ajiye musu guda ɗari shida, wato tukunya biyu cike maƙil.

A kwana biyar ɗin nan Petronila ta ga takaici iri-iri. Mutanen da ba a taɓa gani ba suka cika layi tun daga bakin ƙofa har shagon mai gyaran takalmi, kowa da jarida ko waya a hannu, kowa Doña Otilia yake nema. Sai sun ɗauki hoton faranti ta gaba da ta baya, abinci ya huce, sannan su ci. Wani ya zo da kare sanye da riga. Wata ta nemi cokali mai yatsu da wuƙa, ta kuma yanka tamal har da ɓawonsa ta kai baki. Su Don Nemesio da matan nan masu ɗinki da suka saba zama a natse, sai a tsaye suke ci a jikin bango. Otilia na ta cewa ga mai girkin can ciki, ba wanda ya waiwaya, don ba ita ce a hoto ba.

Abin da ya ƙarasa tunzura ta ya faru ne ana gobe Candelaria da rana. Wani saurayi mai gemu ya tsare Otilia yana tambayarta mene ne sirrin. Ta ce masa ba ta da sirri, ya nace, ta sake faɗa, ya sake nacewa. Don ta rabu da shi ta ce, "Haƙuri ne kawai, ɗana." Petronila tana jin su daga ciki. Ta iya jure a ɗauke mata suna, ta jure a ɗauke mata hoto, amma haƙurin da ta shekara arba'in da ɗaya tana haɗiya har ya zame mata ciwon ciki, shi ma a ba Otilia? Ta fito da ludayi a hannu, ta sunkuci 'yar kujerar nan daga ƙofar kicin, ta ratsa tsakanin tebura ta dire ta a bakin titi.

"Ga wurinki nan," ta ce. "Zauna inda masu hoto za su gan ki da kyau. Kada in ƙara ganin ƙeyarki a ƙofar kicin ɗina."

"Yaya, gobe fa Candelaria."

"Na san kwanan wata. Ni ba a jarida nake koyon abu ba."

Otilia ta juya ta nufi bakin titi. Mace ce da ba ta iya musu ba, kuma wannan ma yana cikin abin da ke ba Petronila haushi game da ita. Ta je ta zauna inda aka dire mata kujera.

Washegari tun gari bai gama wayewa ba an gama naɗi. Ƙullu ya bugu har in ka jefa ɗan curi a kofin ruwa sai ya taso sama. Akwai na miyar kore da kaza, akwai na jan barkono, akwai na zaƙi mai ruwan hoda don yara. Petronila ta jefa kwandala, ta jera ɗari uku a tsaye, ta lulluɓe su da ɓawo da ƙyalle, ta yi alamar gicciye a kan murfi kamar yadda uwarta ke yi. Ƙarfe bakwai daidai ta rufe. Ta zauna, ta ɗora hannu a gwiwa, ta ce wa zuciyarta ta kwanta, maganar jarida sai an sauke tukunya.

Ko minti biyar ba a yi ba wata budurwa ta leƙo tana tambaya ko akwai wanda ba a sa wa kitse ba. Petronila ta ce babu, cikin murya mai taushi har ita kanta ta yi mamaki. Budurwar ta ce to me ya sa. Ta haɗiye. Bayanta wani ma'aikacin ofis ya shigo har tsakiyar kicin yana nuna agogo, wai shi arba'in ɗinsa yake so yanzu, maigidansu ba ya son jira. Ta ce takwas da rabi. Ya ce ko za a ɗan ciro masa nasa daga sama. Ta haɗiye. Sai maƙwabciya ta faɗo da ɗankwali a hannu, wai layi ya toshe mata ƙofa, wani ma ya jingina da motar ɗanta. Sai mai gas, wanda rabonta da ganinsa da safe har ta manta, ya turo kai yana cewa a matsar da buhunan da ke hanya in ana son ya shigo da kaya. Sai wata mata da ke neman banɗaki. Sai wani da ke tambaya ko nan ne Doña Otilia take girkin.

Petronila ta rasa gane abin da ya samu duniya yau. Shekara da shekaru safiyarta shiru ce, daga ita sai kwandala, ta ɗauka haka Allah ya yi safiya. Yau ga shi ko ƙwal-ƙwal ɗin ba ta iya ji saboda surutu. Gumi ya jiƙa mata wuya. Tana ta maimaita wa kanta a bari a sauke tukunya, a bari a sauke tukunya, har maganar ta daina ma'ana a bakinta.

Ta juya ke nan tana nuna wa mai gas inda zai ajiye kaya, sai ta ji tururi ya bugi bayanta. Wani dogon mutum ne mai tabarau a goshi. Ya ɗaga murfin tukunya da hannu ɗaya, ɗayan kuma ya miƙa waya cikin tururin yana ɗaukar hoto, har yana cewa kai, dubi kyau.

Abin da Petronila ta faɗa masa ba zan maimaita ba, don akwai yara a unguwar da har yau suke amfani da shi. Ta fara da shi, ta bi ta kan wanda ya haife shi, ta gangaro kan jarida da mai jaridar da injin da ya buga ta. Ta kori mai gas, ta kori mai agogo, ta bi dogon nan da ludayi har bakin titi. Mutanen layi wasu suka ja da baya, wasu suka ɗaga waya. Ta dawo tana huci ta mayar da murfi, ta zauna. Ta riga ta san abin da za ta tarar a tukunyar.

Takwas da rabi ta ciro guda ta buɗe. Ƙullu ya manne wa ɓawo, gefe ya yi tauri, tsakiya caɓa-caɓa. Ta ƙara ruwan zafi ta ba shi rabin awa. Ta ciro daga ƙasa, ta ciro daga tsakiya, duk kanwar ja ce. Masu ilimi za su ce ai tururi ne ya tsere da aka buɗe murfi. Su suka sani. Ita dai abin da ta sani shi ne ta yi fushi a gaban tukunya, kuma ɗari uku sun lalace a hannunta ranar Candelaria, karo na farko tun tana sha bakwai. Ta zauna da ɗanyen tamal a tafin hannu.

A haka Don Nemesio ya same ta. Ya tsaya a ƙofar da babu kowa, ya cire hula. Ya ce a garinsu in haka ta faru mai girkin kan yi rawa a gaban tukunya, wasu kuma su ɗan mari gindinta. Petronila ta ce in yana son a mari wani abu ya matso kusa. Sannan ta fara zuba masa ƙorafi: jaridar nan ce ta jawo mata wannan taron marasa tarbiyya, da can wa ke shigo mata kicin da safe?

"Da can ma suna zuwa, Doña Petronila," in ji shi. "Kullum suna zuwa."

Ta ɗago ta harare shi.

Ya ce shekara talatin yana zaune a teburin nan, idonsa biyu. Mai gas kullum bakwai da kwata yake zuwa, Otilia ce ke tsare shi da kofin kunu da labarin ƙwallo har a sauke tukunya. Maƙwabciyar nan mai ƙorafi sau biyu a mako take zuwa. Masu duba tsabta daga hukuma sun zo, mashaya sun zo, Fidencio ma da ya dawo sau ɗaya da wata mace a mota, da safe ya zo, kuma a ƙofar nan ya tsaya bai wuce ba. Ɗan jaridar ma ciki ya so shiga da na'urarsa ana tsakiyar turara. Shi ya sa Otilia ta dafe ƙyaure da hannu biyu tana yi masa murmushi, shi kuma da ya ga ba hanya ya ɗauki abin da ya samu.

Petronila ta ce ƙarya ne, amma a hankali ta faɗa.

Don Nemesio ya jujjuya hularsa. Ya ce akwai wadda bai taɓa niyyar faɗa ba. Ya tambaye ta ko ta tuna ƙarfe nawa aka bugo waya daga asibiti ranar da Doña Brígida ta rasu, shekara goma sha tara da suka wuce. Ta ce ta tuna mana, takwas da rabi, tana sauke tukunya Otilia ta faɗa mata.

"Bakwai da minti goma aka bugo," ya ce. "Ina nan zaune. Ta ajiye wayar, ta dawo kan kujerarta, ta ci gaba da miƙa wa mutane kunu. Hawaye na zuba a kan rigarta, ba ta ko ja hanci ba don kada ki ji."

Petronila ta miƙe. Ta wuce shi, ta ratsa tebura, ta fita bakin titi. Otilia na nan kan 'yar kujerarta tana ba mutanen layi haƙuri, har ta sa an fito da tulun kunu ana rabawa. Da ta ga fuskar yayarta sai ta juyo gare ta.

"Awa ɗaya da minti ashirin uwata tana kwance a mace, ina zaune ina sauraron kwandala," in ji Petronila. "Saboda tukunya kika ɓoye mini?"

"Ita ta ce, Yaya."

"Ita wa?"

"Mama. Ranar da ta ba ki tukunya ta ba ni ƙofa. Ta ce ke kina da hannu amma ba ki da zuciyar riƙe shi, ni ba ni da hannu. Ta ce ko gobara ce, in ba ta kai kicin ba, a bari ki sauke." Ta share ido da bayan hannu. "Ta ce kuma kada in faɗa miki, don za ki yi fushi."

Fushin ne kuwa ya zo wa Petronila, irin wanda ba ta taɓa ji ba, ga shi babu wanda za ta sauke wa. Uwar ta tafi, ƙanwar kuma tana zaune a bakin titi inda ita da kanta ta dire ta. Haƙurin da take tinƙaho da shi, ashe rabinsa a bayan wata yake zaune. Kunya ta kama ta, tausayi ya kama ta, kuma ta ji haushin duka biyun.

"Tashi," ta ce.

Otilia ta tashi. Petronila ta sunkuci kujerar, ta koma da ita ta tsakanin teburan nan, mutane na kauce mata, ta dasa ta a ƙofar kicin da ƙarfi har ƙafa ɗaya ta yi ƙara. Ta nuna ta da ludayi. Otilia ta zauna, ta juya baya, ta gyara zani a gwiwa, ta sanar da jama'a cewa tamal sai sha ɗaya da rabi, ɗari uku ne kacal, kuma duk wanda ya sa a ajiye masa rabi zai samu. Mai agogo ya yi ta faɗa ya tafi. Baƙin jarida fiye da rabi suka watse, wasu na cewa dama an faɗa musu jerin nan ba gaskiya ba ne. Mutanen unguwa suka ja kujerun da aka bari suka zauna, karo na farko a kwana biyar.

A ciki Petronila ta kwashe lalatattun ta zuba a kwando, ta wanke tukunya, ta ɗauraye kwandala ta sake jefawa. Ta jera ɗari ukun da suka rage, ta yi gicciye, ta rufe da ƙarfe goma. Don Nemesio ya rantse daga inda yake zaune ya ga inuwa a bango tana ɗan karkaɗa kafaɗa tana jan ƙafa a gaban murhu, sau biyu zuwa dama, sau biyu zuwa hagu. Otilia ta ce ita ba ta ga komai ba, bayanta ta juya.

Can kicin ya yi shiru, sai ƙwal-ƙwal ɗin kwandala. Petronila na zaune hannu a gwiwa, amma yau ba tukunya take kallo ba. Bayan ƙanwarta take kallo, wanda ya cika ƙofar daga wannan ƙyaure zuwa wancan, ga furfura ta fara fitowa a ƙeya, ba ta ma san yaushe ta fito ba. Ta ji mai gas ya dawo, ta ji an miƙa masa kunu an tambaye shi wasan jiya. Ta ji wata murya tana tambaya ko wannan ce Doña Otilia ta jarida.

"Ce masa e," in ji Petronila daga ciki. "Ce masa ke ce, ya ɗauki hotonsa ya ba mutane wuri."

Otilia ba ta waiwayo ba, amma kafaɗunta suka motsa.

"Dariya kike? Ke da Mama kun mayar da ni mahaukaciyar da ake tsarewa a ɗaki. Ba a gama maganar nan ba, Otilia. Bari a sauke tukunya, zan faɗa miki abin da ke raina."

"To, Yaya," in ji Otilia. "Shekara arba'in da ɗaya nake jira."

Sha ɗaya da rabi Petronila ta ɗaga murfi, ta ciro guda ta buɗe. Ɓawo ya saki ƙullu sumul, ko ɗigo bai riƙe ba. Ta tsaya tana dubansa a hannu, tururi na dukan fuskarta. Bisa al'adar gidan, na farko mai girki ke ɗanɗanawa, haka uwarta ta yi, haka ita ma take yi tun tana sha bakwai. Ta ɗauko faranti ta ɗora shi, ta miƙa ta saman kafaɗar Otilia.

"Ci," ta ce. "Ki faɗa mini in gishirinmu ya ji."